Filash Ɗaya da Kwamfutocin Yaya Goma Sha Biyu

A gida Auta ake ce masa, shi kuma ya raɗa wa kansa Injiniya, amma sunan da ya bi shi a layinsu, wanda ko ya so ko ya ƙi sai ya waiwaya in an kira, shi ne Sha-Yanzu. Dalili kuwa, ba a taɓa nuna masa wani aiki a duniya ya ce a ba shi lokaci ba. Fanka ce ta tsaya? Sha yanzu magani yanzu ne. Famfo ne ke ɗiga? Sha yanzu magani yanzu ne. Fankar tana nan har gobe a kan kabad ba fiffike ko ɗaya, famfon kuwa sai da aka rufe ruwan gidan kwana biyu kafin a gano inda ya ɗaure da inda ya kwance. Karatunsa na kwamfuta mako uku ne cif, kuma ya ce ya bar makarantar ne don ya lura malamin ne ke ƙaruwa da shi.

Yayarsa mace ce mai kamun kai, shekara ashirin da biyu tana buga takardu a wani ofis har yatsunta suka san madannai fiye da yadda suka san ludayi. Da ta ajiye aikin sai ta kama ɗakin sama na wani bene mai shaguna uku a ƙasa, na Mai Rediyo da na Mai Aski da na Tela, ta ce za ta buɗe makarantar koyar da kwamfuta. Ta samo tsofaffin kwamfutoci goma sha ɗaya daga wani kamfani da ya rufe, irin masu ƙaton akwatin nan da in ka ɗauki ɗaya sai ka nemi mai danna maka baya. Ta haɗa da tata ta gida, wadda ta fi su duka tsufa, suka cika goma sha biyu.

Abu ɗaya ya rage, lasisi. Hukumar da ke ba da shi sau ɗaya take turo jami'inta a shekara. In ya zo sai ya ƙirga kwamfutocin da ke aiki, adadin da ya samu shi ne adadin ɗaliban da za a yarda ka ɗauka har shekara ta zagayo. An sa mata ranar Talata da ƙarfe goma na safe. Su kuwa goma sha ɗayan nan duk a kulle suke da kalmar sirrin tsohon kamfani, kuma wanda ya san kalmar ba a san duniyar da ya faɗa ba. Dole sai an share su an ɗora musu sabuwar manhaja, wadda ke tada kwamfuta ta tafiyar da komai nata.

Saura mako guda Yaya ta sauko wurin Mai Rediyo, dattijon da ya fara da gyaran rediyo har zamani ya tura shi ga wayoyi da kwamfuta. Ya saurare ta, ya sosa gemu, ya ce aikin kwana uku ne, ɗaya bayan ɗaya, don tsofaffin injuna ba sa son a yi musu tsawa.

Sha-Yanzu yana jingine da ƙofa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kwana uku, Baba? Gini za ku yi? Yaya, ga injiniya a cikin gidanku kina yawo a layi. Wannan ai sha yanzu magani yanzu ne. Wuni ɗaya ma na yi masa yawa."

"Auta, ka tuna fanka," in ji Yaya.

"Fanka ai ba fannina ba ne, taimako na yi. Wannan kuwa shi na karanta."

Ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma ta daɗe tana so a ce yau ga abu ɗaya da ƙaninta ya gama. Sai ta ce to. Har ta ƙara da cewa in ya fitar da ita kunya shi zai zama mataimakinta a aji.

Mai Rediyo bai yi musu ba. Ya ɗauko wani ɗan filash baƙi, ya shirya shi yadda kwamfuta za ta iya tashi daga cikinsa, ya miƙa masa. "Saurara, ɗana. In ka soka shi, ka kunna, ka danna maɓallin F goma sha biyu, za ta nuna maka layi biyu. Na sama gwaji ne, leƙe kawai, manhajar tana cikin filash ba ta sauka ba. Na ƙasa shi ne ɗorawa. Shi za ka zaɓa, ka naɗe hannu, kada ka zare filash sai ta ce da bakinta ka zare."

"Baba, kifi kuke koya wa iyo," in ji Sha-Yanzu, ya jefa filash a aljihu. Daga duk bayanin nan F goma sha biyu kaɗai ta shiga kunnensa.

Kwana shida ya yi yana shiri. Ya sa Tela ya ɗinka masa farar riga irin ta likitoci, da aljihu uku a gaba. Ya saka biro huɗu da sukudireba a ciki. Ya bi layi shago shago yana sanar da cewa yana da kwangilar injuna goma sha biyu, in wani na da ƙaramin aiki ya yi haƙuri sai wani watan. Sai ranar Litinin da hantsi, ana gobe jami'i zai zo, ya hau bene ya naɗe hannun riga.

Ya fara da kwamfutar Yaya ta gida, wadda ke ƙarshen dogon tebur. Ya soka filash, ya kunna, ya danna F goma sha biyu. Ta yi gurnani, ta wuce abinta ta buɗe tsohuwar manhajarta kamar ba a yi da ita ba. Ya kashe, ya sake, ya danna F biyu. Ya danna F goma. Ya shimfiɗa tafin hannu ya danne layin saman madannai gaba ɗaya, ta yi ƙara ƙiii, ta kuma wucewa abinta. Ita dai an ƙera ta ne tun kafin a san tashi daga filash, faifai kaɗai ta sani.

"Wannan Tsohuwar ta gama yayi," ya ce wa Yaya. "Ba ta karɓar ilmin zamani. Kada jami'i ya gan ta ya raina mana sauran."

"Shekara goma sha huɗu tana ci da ni, Auta."

"To ta huta haka nan."

Ya kinkime ta ya kai lungu bayan ƙofa, ya lulluɓe ta da tsohon labule.

Ta farko a cikin na kamfani ta karɓi filash ba gardama. Layi biyu suka fito. Ya rufe ido ya zaɓi na ƙasa, ya yi ta danna eh, eh, eh ga duk abin da ta tambaya, har da inda ta ce za ta share komai. Wani siririn layi ya bayyana a allo ya fara rarrafe. Ɗaya cikin ɗari. Ya sha ruwa ya dawo, uku. Ya leƙa taga ya gaisa da mutane ya dawo, bakwai. Ya zauna ya miƙe ya zagaya teburin. Da ya kai sha bakwai cikin ɗari sai ya tsaya cak kamar jakin da ya ga gada. Sha-Yanzu ya yi lissafi da yatsu, ya ga in haka za a tafi Baba ne zai yi gaskiya, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar Baba ya yi gaskiya. Hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Ya fizge filash.

Allon ya yi baƙi ƙirin, da ɗan rubutu fari a kusurwa.

Ya waiga, Yaya tana can tana goge kujeru. Ya mayar da filash a hankali, ya sake kunnawa, wannan karon ya zaɓi layin sama. Minti biyu bai cika ba sai ga allo ya washe: hoton wani koren tsauni, da tafki a gindinsa, da 'yan alamomi jere a gefe gwanin sha'awa. Ya motsa maus, kibiya ta motsa. Ya kama filash ya zare. Tsauni yana nan. Tafki yana nan. Kibiya ma tana yawo abinta.

Sha-Yanzu ya miƙe tsaye a hankali, ya gyara wuyan farar riga. Shi a ransa ya gano abin da masana suka ɓoye wa duniya don su riƙa cin kwana uku a aikin minti biyu.

Kafin azahar ya bi sauran goman. Soka, kunna, danna, layin sama, tsauni, zare. Allo goma sha ɗaya, tsauni goma sha ɗaya. Ya leƙa ta taga ya kira duk mai kunnen ji ya hawo ya ga aiki.

Mai Aski ya hawo da almakashi a hannu, Tela da tef a wuya. Mai Rediyo ya zo daga baya yana dafa bango.

"Ashana nawa ake kunna kyandir goma sha ɗaya da ita?" Sha-Yanzu ya tambaye su, yana ɗaga filash sama. "Ɗaya. In wuta ta kama, me ashana ke jira? Ba a koyar da wannan a makaranta. Ni na ƙirƙiro."

"Kai, mutumina, ashe dai kana taɓa abin kirki," in ji Mai Aski. "Matata ma ta rubuta suna, ta ce ita ce a kujerar gaba."

Mai Rediyo ya dubi allunan, ya dubi filash a hannun yaron. "Wane layi ka zaɓa?"

"Layin masu ilmi, Baba."

"Kashe ɗaya ka kunna mu gani."

"Haba Baba. Likita ya gama tiyata sai a ce mara lafiya ya tashi ya yi tsere?"

Yaya ta ja kujera za ta zauna, yatsunta har sun miƙe kan madannai. Ya yi wuf ya tare ta da hannu biyu. "Kul, Yaya. Manhajar ɗanya ce, kamar sabon siminti. In kika taka yanzu sawunki zai zauna har abada. Sai ta kwana ta sha iska."

Ta janye hannunta. Ita aikin bugu ta sani, ba ta taɓa ɗora manhaja ba, kuma tsaunukan nan sun yi mata kyau har idonta ya kawo ruwa. Mai Rediyo ya juya zai sauka, ya ce a hankali, "Malama, tusa ba ta hura wuta. Shagona a buɗe yake har magariba."

"Hassada ga mai rabo taki ce," Sha-Yanzu ya faɗa wa bayansa.

Da la'asar Tela ya jona dutsen guga a ƙasa, fiyus ɗin benen ya yi tsalle, wuta ta ɗauke ta dawo. Yaya ta fita sayen alli. Sha-Yanzu yana tsaye shi kaɗai ya ga tsaunukansa sun ɓace a lokaci guda. Goma suka dawo da tambarin tsohon kamfani da ɗan akwatin da ke neman kalmar sirri. Ta farko kuwa, wadda ya fizge wa filash a sha bakwai, ko wannan ba ta samu ba, baƙin allo kawai.

Mai hankali a nan zai sauka bene ya durƙusa gaban Baba. Matakala goma sha takwas ce kacal. Sha-Yanzu ya leƙa su, ya hango Mai Aski a ƙasa yana ba wani labarin ashana da kyandir, ya dawo da kansa ciki. Ya ce wa ransa kyandir ma iska na kashe shi, ba laifin ashana ba ne. Ya sake bin kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ya kunna tsaunukansa. Sannan ya samo salatef ya liƙe makunnin kowace kwamfuta, ya liƙe soket, ya rubuta a kwali da manyan baƙaƙe cewa kada a taɓa, injiniya na aiki.

Daga nan ya sauka ya kafa doka. Daga yanzu har jami'i ya tafi gobe, ba guga, ba injin aski, ba abin dafa ruwa.

"Da haƙori zan yi askin?" in ji Mai Aski.

"Kakanninka da aska suka yi."

"Ni fa ina da kayan mutane," in ji Tela.

"Ka ɗora musu katifa ka zauna a kai. Ci gaba sai da sadaukarwa."

Saboda Yaya suka haƙura, don ba wanda ba ta taɓa buga wa takarda kyauta ba a layin. Wutar gari ma ta yi masa kara, ba ta ƙifta ba har gari ya waye.

Ranar Talata tun ƙarfe tara matakala ta cika. Mutum goma sha biyun da suka rubuta suna duk sun zo da sababbin littattafai, yawancinsu matan layin, matar Mai Aski a gaba. Yaya ta shimfiɗa wa dogon teburin zane har ƙasa don ya rufe wayoyi. Sha-Yanzu yana sintiri a farar riga. Goma saura kwata ya jiyo zuuu daga ƙasa, ya sauka a guje ya tarar Mai Aski ya saci jiki ya jona inji, har ya kwashe wa wani ƙaton direba rabin kai. Sha-Yanzu ya zare wayar, ya naɗe ta, ya sa a aljihu ya haye sama.

Jami'in ya iso goma daidai. Ɗan gajeren mutum ne mai tabarau da jakar takardu, irin waɗanda ba sa ɗaga murya don ba su taɓa buƙata ba. Ya gaisa da Yaya, ya dubi tsaunuka goma sha ɗaya.

"An rubuta mini goma sha biyu."

"Ɗayar ta yi ritaya, Yallaɓai," Sha-Yanzu ya amsa kafin Yaya ta buɗe baki. "Ni ne injiniyan wurin. Duk abin da kuke gani, minti ashirin da biyu."

"Sannu da ƙoƙari."

Jami'in ya zauna gaban ta farko, ya kai kibiya kan alamar rubutu ya danna. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Ya jira. Zobe na juyawa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Tana tunani ne, Yallaɓai," in ji Sha-Yanzu. "Manhaja ce mai zurfi."

"Ni ma tunanin nake yi."

Ya matsa ta biyu. Nan ko zoben bai samu ba, kibiyar ce ta daskare a tsakiyar tafki. Ta uku ta watso masa rubutu fari a kan tsaunin, layi bayan layi. Matan da ke bakin ƙofa suka fara kallon juna. Yaya ta dubi ƙaninta, shi kuma ya dubi silin.

Jami'in ya kai yatsa ya taɓa salatef ɗin da ke kan makunni. "Wannan fa?"

"Kariya ce daga ƙura."

"To a ɓare. Ƙa'idarmu ita ce a kashe duka, a kunna a gabana."

"Yallaɓai, a kimiyyance ba a so a..."

"Malama, a kashe."

Yaya da kanta ta bi su tana ɓare salatef. Aka kashe, aka kunna. Injuna suka yi gurnani tare. Tambarin tsohon kamfani ya fito a allo goma, kowanne da akwatinsa na kalmar sirri, ta farko kuma da baƙin allonta. Da aka waiga neman injiniya, babu shi.

Sai ga ta farkon ta mutu ta sake tashi da kanta. Zanen teburin ya motsa. Wani hannu ya ɓullo daga ƙasa, ya hau gefen tebur, ya yi lalube, ya ture kofin biro, ya sami madannai, ya ƙirga da yatsa daga dama, ya danna F goma sha biyu. Ya ɗan jira, ya danna babban maɓalli, ya koma ƙasa. Bayan minti biyu tsauni ya fito.

Jami'in ya dubi tsaunin. Ya ja kujerarsa zuwa ta biyu ya harɗe hannu. Aka ji jan gwiwa a ƙarƙashin tebur, da ƙarar kai ya bugi katako, da wata 'yar addu'a. Ta biyu ta mutu ta tashi. Hannun ya sake fitowa, yanzu da yanar gizo a yatsu, ya lalubo gwiwar jami'in, ya gane ba ita ba ce, ya haura sama.

"Malama," in ji jami'in, "wannan hannun yana cikin kayan makaranta? Kowace kwamfuta da nata, ko shi ma guda ɗaya ne ake zagayawa da shi?"

Dariyar da matan suka danne tun ɗazu ta fashe har matakala. Daidai nan direban nan ya kutso ɗakin, rabin kai fes rabin kai daji, tawul a wuya, Mai Aski na biye da shi yana ba shi haƙuri.

"Ina mai farar rigar da ya sace wayar inji?"

Ba wanda ya nuna, amma takalma biyu sun leƙo daga ƙarshen zane. Direba ya sunkuya ya kama idon sawu ya ja. Sha-Yanzu ya fito a rigingine, farar riga ta koma ruwan ƙasa, biro na zuba daga aljihu, filash a tsakanin haƙoransa, ƙafarsa ɗaya kuma ta saƙalo babbar wayar wuta. Allo goma sha ɗaya suka mutu tare.

Ya tofar da filash a tafin hannu. Ko a kwancen bai fasa ba. "Yallaɓai, sabon tsari ne. Ana ce masa ɗaya tamkar da goma."

Mai Rediyo, wanda ya hawo tun ɗazu ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi bayani a jimla biyu: layin gwaji aka zaɓa, manhajar ba ta taɓa sauka a kan ko ɗaya ba. Hoto ne kawai ya kwana a allo.

Yaya ta matso kusa da jami'in. Mace ce da ba ta iya roƙo ba, kuma kowa ya ga yadda abin ya yi mata nauyi. "Yallaɓai, kwana uku kawai. Injunan lafiyarsu ƙalau. Ga Baba nan zai gyara."

"Na yarda lafiyarsu ƙalau, Malama. Amma abin da na gani yau shi zan rubuta, kuma akwai wurare arba'in a bayanki. Sai baɗi." Ya buɗe jaka ya fito da takarda, sannan idonsa ya faɗa lungun bayan ƙofa. "Wancan lulluɓin fa?"

"Shara ce, Yallaɓai," in ji Sha-Yanzu daga ƙasa.

Yaya ta tsallake shi ta je ta yaye labulen. Mai Aski da Tela suka ɗauko Tsohuwa suka ɗora a tebur, aka jona. Ta yi tari, ta yi gurnani, ta ɗauki lokacinta kamar mai tashi daga barcin rana, sannan ta buɗe. Yaya ta zauna, ta buɗe shafi, yatsunta suka sauka a kan madannai. Ba ta dubi hannunta ba ko sau ɗaya, kafin jami'in ya gama gyara tabarau ta cika rabin shafi ba kuskure.

"Da ma a ce duka haka suke," ya ce. Ya rubuta, ya buga hatimi, ya miƙa mata. Kwamfuta mai aiki, ɗaya. Ɗalibin da aka amince a ɗauka, ɗaya.

Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Yaya ta tsaya a saman matakala da takardar a hannu ta ba mutane haƙuri ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Ba ta yi kuka ba, amma ta fi daɗewa a kan wata bazawara da aka yi wa alkawarin aiki a wani kanti in ta iya kwamfuta kafin ƙarshen shekara. Suka sauka da sababbin littattafansu ba a rubuta komai a ciki ba. Sha-Yanzu yana zaune a ƙasa yana kaɗe riga.

Matar Mai Aski ce ta juyo daga tsakiyar matakala. "To Malama, kujera ɗayar fa, wa za a ba?"

Yaya ta dubi bazawarar ta ce ta zo gida kullum da yamma, za ta koya mata a matsayin ƙanwa, wannan ba ruwan hukuma. Sannan ta ɗauko rajista, ta buɗe shafin farko, ta zare biro ɗaya da ya rage a aljihun farar riga.

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," ta ce. "Amma ana iya koya masa inda zai danna. Auta, tashi ka sa hannu."

"Yaya, ni fa injiniya..."

"Cire rigar. Tela zai mayar da ita murfin kwamfuta."

Darasin farko Mai Rediyo ne ya tsara shi. A soka filash, a zaɓi layin ƙasa, ɗalibi ya zauna a kan tafukan hannunsa biyu yana kallon siririn layin nan har ya kai ɗari, kwamfuta ta ce da bakinta a zare. Injuna goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, Yaya na zaune a bayansa da rula.

A rana ta biyu aka ba shi hutun minti biyar ya sauko shan iska. Mai Aski yana bakin shago, matarsa ta kawo masa abinci.

"Ɗalibi, ya karatu?"

Sha-Yanzu ya gyara tsayuwa, ya sa hannu inda aljihun farar riga yake a da. "Karatu sai godiya. Ka tambayi kowa, ni ne na ɗaya a ajinmu."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji matar Mai Aski. "Kujerata ce kake na ɗaya a kanta."

Taga ta buɗe a sama, Yaya ta leƙo.

"Na ɗaya daga sama, na ɗaya daga ƙasa. Hawo, Auta. Layin ya kai sha bakwai cikin ɗari, zo ka zauna a kan hannuwanka."